Yadda 'yan kwana-kwana na karkara za su auna haɗarin gobara daga yanayin ranar

Ofishin kashe gobara na karkara galibi mota guda gare shi, wani wurin ma ba motar, sai ƙungiyar matasa 'yan sa-kai da bokitai, ga ƙauyuka barjat duk shi suke kallo. In kira ya zo daga garin da ke da nisan kilomita 40 a kan hanyar burji, kafin a tada mota a isa an ci awa guda. Masu binciken wutar daji a Ostireliya sun fitar da wani ƙiyasi mai sauƙin riƙewa: a busasshiyar ciyawa, ranar da yanayi ya tsananta, wuta na gudu da kusan kashi ɗaya cikin biyar na gudun iska. Iskar kilomita 25 a awa ke nan za ta kai wuta kilomita 5 a cikin wannan awa gudan. Kafin a jiyo jiniya, karan gonaki da harawar da aka kimsa sun zama toka.

Shi ya sa babban aikin irin wannan ofishi da safe ake yin sa, tun ba a kira ba. A duba ranar, a yanke mata hukunci, a sanar da jama'a, a matsar da mutane da ruwa kusa da inda ake tsoro. Wutar hunturu ba gobara daga kogi ba ce. Tana da lokacinta, tana da alamominta, kuma da kayan da kuɗinsu bai kai na tayar mota guda ba ana iya karanta su.

Da farko, ku tanadi kayan awo, ku tabbatar ba sa yi muku ƙarya

Abu uku ake buƙata: ƙaramar na'ura mai batir da ke nuna zafi da danshin iska a lokaci guda, tuta ko ƙyalle mara nauyi a kan dogon ƙarfe, da littafi mai kauri da biro. In akwai hali a ƙara da ma'aunin gudun iska na hannu. In babu, ido zai wadatar, za mu zo kan wannan.

Na'urar danshi mai araha takan yi kuskure, don haka a gwada ta kafin a amince mata. A cika murfin kwalba da gishirin miya, a ɗiga masa ruwa har ya jiƙe amma kada ya narke, a sa shi tare da na'urar a cikin roba mai murfi ko leda, a rufe ruf, a bar su su kwana. Da safe ya kamata ta nuna kashi 75 cikin 100. In ta nuna 70, to kullum a ƙara 5 a kan abin da ta faɗa. A rubuta haka a jikinta da maka don wanda zai karɓi aiki ya gani. A rataye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, daidai tsayin ƙirjin mutum. Kada a sa ta kusa da randa, kada a manna ta a bangon da rana ke duka, kada a bar ta cikin ofis mai rufin kwano. Duk wannan zafin ɗaki za ta ba ku, ba na daji ba.

Tutar kuwa a kafa ta a fili, nesa da gini da manyan itatuwa, a dasa duwatsu huɗu a gindinta a shafa musu farar ƙasa: gabas, yamma, kudu, arewa.

Sannan ku san abin da wutar za ta ci

Yanayi kaɗai ba ya cin wuta, sai da abin ci. Daga ɗaukewar ruwa a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, sau ɗaya a mako wani ya fita ya duba wurare uku ko huɗu da aka ware: makiyaya, bakin burtali, gonar da aka girbe, da bayan gari inda juji yake. A tsaya a dubi ciyawar, a ƙiyasta kashi nawa ya koma ruwan ƙasa, kashi nawa ke da sauran kore. Matuƙar rabi kore ne, wuta da ƙyar take tafiya. In bushewar ta haura kashi 80, to ta sami hanya. A damƙi ciyawar a murza a tafin hannu. In ta lanƙwashe, da sauranta. In ta karye ƙas-ƙas ta bar gari a hannu, a rubuta ranar a littafi da jan biro, domin daga nan lissafi ya canza.

A lura da tsayi da kauri kuma. Gamba da ta fi mutum tsawo ba ɗaya take da gajeriyar ciyawar da dabbobi suka kiwace ba. Akwai abin da sababbin ma'aikata kan manta: shekarar da damina ta yi albarka ita ce ta fi haɗari da rani, saboda ciyawa ta yi yawa ta haɗe, ba fako a tsakani da zai yanke wa wuta hanya. Makiyayan Tawa da Damagaram sun san wannan sarai.

Siririyar ciyawa kuma tana bin danshin iska cikin awa guda ko ƙasa da haka. Wadda raɓa ta sanyaya da asuba, kafin azahar ta koma kamar ba ta taɓa ganin ruwa ba. A tsakiyar hunturu ma raɓar ba ta sauka. Safiyar da aka taka ciyawa takalmi ya fito a bushe, a sani daren bai rage komai ba, kuma wutar da aka bari jiya da dare tana nan da ranta.

Hasashen gobe, a duba shi tun yau

Bayan magariba, mai aikin dare ya duba hasashen Hukumar NiMet in a Najeriya ne, ko na hukumar yanayi ta ƙasa in a Nijar ne, ya haɗa da manhajar yanayi ta waya. Abu huɗu zai kwafa: zafin da ya fi yawa, danshin da ya fi ƙaranci, gudun iska da inda za ta fito, da kuma bugin iska, wato ƙarfin da take yi lokaci-lokaci fiye da gudunta na kullum. Bugin nan shi ke ɗaukar tartsatsi ya jefa kan jinka, don haka kada a tsallake shi. A duba ma'aunin da manhajar ke amfani da shi: in mita a daƙiƙa ne a ninka da 3.6 a sami kilomita a awa, in ma'aunin matuƙa jirgi ne na not a ninka da 1.85. Wanda ya ga 8 ya ɗauka kilomita ne alhali mita a daƙiƙa ne, ya raina iskar da ta kusa kilomita 29.

Gargaɗin ƙura da hazo ma labari ne. Ƙurar hunturu mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta. In aka ce tana tafe, busasshiyar iska na tafe, kuma hazon zai ɓoye hayaƙi: wutar da za a hango daga kilomita 10 sai ta zo kusa kafin a gan ta. A irin ranar waya ta fi ido amfani.

Hasashe dai na yanki ne, tashoshin awo kuma galibi a filayen jirgin sama suke, irin na Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maradi. Ba su san kwarin da ke bayan ƙauyenku ba. Awonku shi ne alƙali.

Awo sau uku a rana

Ƙarfe 7 na safe, ƙarfe 10, da ƙarfe 2 na rana. Kowane lokaci a rubuta zafi, danshi, gudun iska da inda ta fito.

Akwai dalilin zaɓen waɗannan lokuta. A yankin Sahel da rani, iska mai ƙarfi kan kwana a sama, ƙasa kuwa tsit. Da rana ta fara dumama ƙasa sai ta sauko, shi ya sa hantsi ne lokacin da buji ya fi kaɗawa. Danshi kuma tsakanin azahar da la'asar yake kai maƙurar faɗuwarsa. A Kano da kewaye cikin Janairu da Fabrairu ba abin mamaki ba ne a ga ƙasa da kashi 15. Saboda haka haɗarin daga hantsi yake buɗewa, ba ya rufewa sai rana ta yi sanyi. Wanda ya leƙa da asuba ya ga tuta a kwance ya ce yau lafiya, ya yi saurin yanke hukunci.

Ga yadda ake karanta iska da ido. Hayaƙi ya miƙe sama sak, babu iska. Ana jin ta a fuska, ganye na motsi kaɗan, kilomita 6 zuwa 11 a awa ne. Tuta ta buɗe, ganye da ƙananan tsinke ba sa tsayawa, 12 zuwa 19. Ƙura da leda da takarda na tashi, ƙananan rassa na kaɗawa, 20 zuwa 28. Ƙananan itatuwa masu ganye na rangaji gaba ɗayansu, 29 zuwa 38. In manyan rassan darbejiya suka fara lilo, wayoyin lantarki na fito, an haura 39. A tsaya minti biyu ana kallo, a ɗauki mafi ƙarfin abin da aka gani, ba matsakaicinsa ba.

Yanke wa ranar hukunci

A nan ne nake da ja da masu kwaso lissafin waje su liƙa a bango yadda yake. Akwai ƙa'idar da ake kira talatin uku: zafi sama da digiri 30, danshi ƙasa da kashi 30, iska sama da kilomita 30 a awa, to rana ce mai tsananin haɗari. Akwai kuma lissafin Angistirom na ƙasar Suwidin: a raba danshi da 20, a cire zafi daga 27 a raba da 10, a haɗa biyun, in amsar ta gaza 2, wuta na iya tashi cikin sauƙi. A gwada da ranar hunturu ta yau da kullum, zafi 30 danshi 15: 0.75 a cire 0.3, saura 0.45. Wato lissafin zai yi ta ihun haɗari kusan kowace rana daga Nuwamba har Afrilu. Gargaɗin da ake yi kullum kuwa, mako biyu ya isa mutane su daina jin sa.

A ƙasashen da aka ƙirƙiro waɗannan lissafai, bushewa ce baƙuwa. A nan bushewa 'yar gida ce da rani, abin da ke bambanta yau da jiya shi ne iska. Shawarata a yi matakai uku, kowanne da tuta mai launinsa da za a ɗaga a ƙofar ofis, a ɗora nauyin a kan iska da ciyawa.

Koriyar tuta: ciyawa rabinta kore, ko danshin rana bai sauka ƙasa da 40 ba kuma iska ba ta kai 12 ba. Aiki na kullum.

Rawaya: ciyawa ta bushe, danshi ƙasa da 30, iska tsakanin 12 da 19. Yawancin ranakun rani nan za su faɗa. Ba a ƙona komai sai bayan la'asar sakaliya, da izini, da mutane a tsaye a kai.

Ja: ciyawa ta bushe, danshi ƙasa da 20, iska ta kai 20 ko ana sa ran buginta ya haura 30. Ba ƙona gona, ba ƙona juji, ba farauta da wuta, ba cire zuma da hayaƙi, masu gawayi kada su buɗe rami. Ranar kasuwa, ko ranar da motar ta lalace, ko ranar da tankin ruwa bai cika ba, a ɗaga mataki guda sama da abin da awo ya nuna. Waɗannan iyakoki mafari ne; bayan rani guda littafinku zai nuna muku inda za ku matsar da su.

A kai labarin inda zai yi aiki

Tuta a ƙofar ofis ba ta hana kowa kunna ashana a daji. Kafin ƙarfe 8 saƙo ya isa ga masu unguwanni da dagatai, sarkin noma, arɗo, shugaban mafarauta, sarkin kasuwa da shugabannin makarantu. Saƙon murya a WhatsApp ya fi rubutu, kuma ya zama gajere, ya faɗi abin da za a yi:

"Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, yau jar tuta ce. Iska daga gabas maso arewa, za ta yi ƙarfi daga hantsi. Muna roƙon a yi shela kada a sa wuta a gona ko juji, mata su kashe murhu da ruwa bayan girki, kowane gida ya ajiye jarka biyu a cike."

Inda ba sabis, mai shela da lasifikar masallaci suna nan. In wani ya yi gardama, a tuna masa cewa tun 2011 akwai dokar NESREA, hukumar kare muhalli ta Najeriya, kan ƙona daji da ƙone-ƙone a fili. Amma a gaskiya kalmar dagaci a ƙauye ta fi takardar Abuja saurin aiki, shi ya sa ake fara gaida shi tun kafin kaka, ba sai ranar da ake neman taimakonsa ba.

A cikin gari, sanyin hunturu na kawo nasa: kaskon wuta a ɗaki a kwana da shi, hita da aka bari a bokiti aka ɗauke wuta aka manta, fetur a jarka a ƙarƙashin gado. Kasuwa da azuzuwan zana su ne abin sa wa ido na musamman. Babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na shekarar. A Nijar kuma azuzuwan zana sun kama a Yamai cikin Afrilun 2021 da Maradi cikin Nuwamba, yara ƙanana da dama suka rasu. Duk inda ake karatu a rumfar zana, ranar jar tuta a tabbatar akwai ƙofa biyu, ba mai suya ko tuya a kusa, akwai bokitin yashi da na ruwa.

Shirin ofis a ranar ja

A cika mota da ruwa da mai tun safe, a tada ta a ji lafiyarta. In ƙauyukan da ake tsoro suna gefe guda, a kai ta can ta yini maimakon ta zauna a hedikwata. A kira masu rijiyar burtsatse da masu tankar ruwa a ji wa ke da ruwa yau. 'Yan sa-kai su fito da manjagara, shebur, fartanya, adda, da injin feshi na goyo da aka wanke tas daga maganin ƙwari. Lita 16 a bayan mutum mai bin gefen wuta ta fi bokiti goma da aka watsa a tsakiyarta. A sa mutum guda da waya a wuri mai tsawo, tudu ko tankin ruwa, daga hantsi zuwa la'asar.

Shafin intanet na FIRMS, na hukumar sararin samaniya ta Amurka NASA, na nuna wuraren da tauraron ɗan'adam ya hango zafin wuta, kyauta. Sai dai bayanin kan makara da awanni, don haka ba ƙararrawa ba ne. Amfaninsa a duba da yamma a ga ko akwai wuta a dajin da ke gabas maso arewa da ku, wadda iskar gobe za ta iya turowa.

Layin tare wuta kuwa ba aikin ranar ja ba ne, na Oktoba da Nuwamba ne. A share ciyawa har ƙasa a gefen da iska ke fitowa, a kwashe abin da aka share, a haɗa layin da abin da ke akwai: hanya, burtali, rafi, fako. A kewayen rumbuna da tarin kara faɗin ya kai aƙalla ninki uku na tsayin ciyawar wurin. A makiyayar Nijar ana jan irin wannan layi mai faɗin mita goma sha zuwa ashirin, kilomita bayan kilomita, a biya mutanen yankin kuɗin aikin. Tarin kara da harawa kuma a raba shi da gidaje, kada a jingina shi da danga.

In ta kama

Kafin a sauka daga mota a ɗebi ƙura a saki, a ga inda ta nufa. A shiga ta bayan wutar, ta wurin da ya riga ya ƙone, a bi gefunanta ana matse ta zuwa gaba. Ƙafa guda kullum a baƙin wurin da ya ƙone. Harshen wuta in bai wuce ƙirjin mutum ba, kusan mita 1.2, ana iya bugunsa da ɗanyen reshe da shebur da feshi. In ya wuce haka, ba mai tsayawa a gabanta; a koma a kare gidaje da rumbuna, a jira ta a layi ko a fako. Kada kowa ya tsaya a saman gangare wuta na ƙasa, domin duk ƙarin digiri 10 na hawa yana ninka gudunta. Tufafin auduga za a sa, ba na roba da ke narkewa a jiki ba. Wutar fetur yashi ake zuba mata, ta lantarki kuma ba a kusantar ta da ruwa sai an yanke layin.

Mutum guda aikinsa kallon iska kaɗai, da usur a bakinsa, ba ya riƙe shebur. A hunturu iska kan tsaya a gefe guda, wannan sauƙi ne. Bazara ce mai yaudara. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, guguwa na tasowa a fili ta ɗauki garwashi ta tsallake layi da shi, iskar kudu maso yamma ta fara kokawa da ta arewa maso gabas. Sai kuma hadarin farko ya haɗo daga gabas, ya turo iska mai ƙarfi a gabansa, sau da yawa ba ɗigon ruwa. Iska na juyawa, dogon gefen wutar nan da kuke bi shi zai zama gabanta. Da an ga gabas ta yi duhu ko jan bango na ƙura ya taso, a busa usur, kowa ya koma cikin wurin da ya ƙone.

Bayan ta mutu, ba a tafi ba tukuna. Kututture, kashin shanu da gindin tarin kara suna riƙe wuta har kwana. A bi gefen da ƙafa, a kara bayan hannu kusa da toka, a tona, a jiƙa, a turbuɗe. A bar mutum biyu su kwana, a sake zagayawa kafin iskar hantsi ta tashi.

Littafin

Kowace gobara, komai ƙanƙantarta, a rubuta ta a shafin ranar, kusa da awon: lokacin da ta tashi, sanadi, inda ta nufa, minti nawa kafin a isa, ruwa daga ina aka samu. A ƙarshen rani a zauna a ƙirga nawa suka faɗo a ranakun rawaya, nawa a ja. In manyan gobara na faɗowa a rawaya, a sauko da iyakar iska daga 20 zuwa 15. In rabin rani duk ja ne, a ɗaga ta. Wannan littafin ne kuma za a ɗauka a kai wa shugaban ƙaramar hukuma in za a nemi tanki ko mota ta biyu.

Kada a sauke tuta don an yi ruwan farko. Yayyafin Afrilu ko Mayu kwana guda ya isa rana ta shanye shi, tsohuwar ciyawa ta koma yadda take. A ci gaba da awo sau uku har sai sabuwar ciyawa ta rufe tsohuwar, danshin ƙarfe 2 na rana kuma ya zauna sama da kashi 40 mako guda cur.